Azurfar Harz da Kyanwar Daji ta Ƙarshe

A tsakiyar ƙasar Jamus akwai wasu duwatsu masu daji da ake kira Harz. A cikin dajin, kusa da garin Lautenthal, an kafa wani dutse na tunawa da kashe wata dabba a ranar 17 ga Maris, 1818. Dabbar ita ce wadda Jamusawa ke kira Luchs, wata babbar kyanwar daji mai guntuwar wutsiya da tukkun baƙin gashi a kan kunnuwa. Mutane kusan 200 ne suka yi kwana 11 suna bin sawunta. Ita ce ta ƙarshe a yankin, kuma har yau fatarta tana gidan tarihi na Braunschweig.

Mai karanta wannan labari zai ɗora laifin a kan mafarauta, kuma ba zai yi kuskure ba. Sai dai kafin harsashi ya same ta, masu haƙar ma'adinai sun shafe ƙarnuka suna cinye mata gida.

Tun wajen shekarar 968 ake ambaton haƙar ma'adinai a dutsen Rammelsberg da ke gefen birnin Goslar, inda ake samun azurfa da jan ƙarfe da darma. Arzikin ya kai har sarakunan Jamus suka gina fada a birnin a ƙarni na 11. To, haƙa irin ta wancan zamani ba ta yiwuwa sai da itace. Da shi ake tokare rufin rami kada ya rufta. Da shi ake hura wuta a jikin dutse don ya tsattsage, a ji daɗin fasawa. Uwa-uba kuma gawayi, domin narkar da ma'adinin yana lashe itace fiye da duk sauran ayyukan. Masu toya gawayi suka bazu cikin daji suna sara, suna matsawa gaba idan wuri ya ƙare.

A ƙarni na 16 aikin ya hau can saman duwatsun, garuruwa bakwai na mahaƙa suka tsaya da ƙafafunsu, daga cikinsu akwai Clausthal da Zellerfeld da ita Lautenthal ɗin. Don a jawo ma'aikata, masu mulki sun ba su izinin saran itace da kiwon dabbobi a daji. Aka tare ruwa a tafkuna, aka yanka magudanai masu nisa don juya ƙafafun da ke janye ruwa daga ramuka. Hayaƙin wuraren narkarwa kuma ya ƙona itatuwan da ke kewaye.

Ita kuwa wannan kyanwa ba ta iya doguwar tsere. Laɓewa take yi ta yi kwanton ɓauna, ta afka wa wata ƙaramar barewa da ita ce yawancin abincinta, kuma kowace guda tana buƙatar daji mai faɗin gaske ita kaɗai. Daji mai hanyoyi da garke da gatari ta ko'ina ba ya ɓoye ta. Idan ta taɓa dabbar gida, sai a ɗauke ta ɓarauniya, a biya lada ga wanda ya kashe ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dajin bai ɓace ba, sauya shi aka yi. Da ƙarancin itace ya tsananta, musamman daga ƙarni na 18, sai aka riƙa shuka itacen Fichte mai ganye kamar allura, saboda saurin girmansa da miƙewarsa, a wuraren da a da itatuwa masu faffaɗan ganye suke. Daga nesa kore ne shar, amma gonar katako ce ta ramukan haƙa.

An rufe Rammelsberg a 1988, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Tsakanin 2000 da 2006 aka saki kyanwoyi 24 a gandun dajin Harz, suka hayayyafa, zuriyarsu ta fantsama zuwa dazuzzukan maƙwabta. Sun dawo ne suka tarar da dajin da mahaƙa suka bari, wanda tun daga 2018 fari da ƙwaro mai cin ɓawo suka busar da babban ɓangarensa.