Mumbarin Kutubiyya

A cikin sana'ar sassaƙa akwai wani fanni mai wuya ƙwarai, watau dasa ado a jikin katako. Ga yadda a ke yinsa: gwani ya kan sami itatuwa masu launi dabam dabam, ya yanka su falle-falle, ya fitar da 'yan gutsattsari bisa zanen da ya shirya. Sa'an nan ya jera su a fuskar katako, ko ya ƙwaƙule gurbi ya zaunar da kowanne, ya manne da danƙo, ya goge har hannu ya kasa jin mahaɗi. Ba a shafa fenti ko kaɗan, launin itacen shi ne adon.

Wannan aiki ya daɗe a duniya. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar cikin 1922, an tarar da akwatuna waɗanda aka yi wa ado da hauren giwa da baƙin itace. Amma a ƙasashen Musulmi, da wuya a sami abin da ya kai mumbarin Kutubiyya.

A shekarar 1137 Sarkin Murabiɗai, Aliyu ɗan Yusufu, wanda ke zaune a birnin Marrakesh a ƙasar Maroko, ya sa a yi wa masallacinsa mumbari. Ya ba da aikin ga masassaƙan Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, wadda ke cikin Sifen a yau, domin a zamanin nan babu kamarsu. Har yanzu akwai rubutu a jikin mumbarin mai shaida cewa a can aka yi shi. Tsawonsa ya kusa ƙafa 13, matakansa 9. Suka lulluɓe gefensa da taurari masu tsini takwas, da igiyoyin ado masu sarƙe da juna, duk da gutsattsarin ƙashi da na itatuwa iri iri, dubbai bisa dubbai, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba. Da aka gama sai aka ƙetara teku da shi gunduwa-gunduwa, aka harhaɗa a Marrakesh.

Ba a jima ba mulki ya juya. Cikin 1147 Muwahhidawa, a ƙarƙashin Abdulmumini, suka ci birnin da yaƙi, suka kawar da daular Murabiɗai. Masallacin Aliyu ma bai tsira ba. Amma mumbarin nan ba su farfasa shi ba, ko da ya ke abokin gabarsu ne ya sa aka yi. Sai suka ɗauke shi suka kai sabon masallacinsu, wanda a ke kira Kutubiyya saboda masu sayar da littattafai da ke kewaye da shi. Limamai suka yi ta hawansa suna huɗuba shekara wajen 800. Cikin 1962 aka mai da shi tsohuwar fadar Badi'u, aka kuma yi masa gyara a 1996 da 1997. Yana can, baƙi na zuwa kallo.

To, jama'a, ku duba. Sarkin da ya biya kuɗin ya wuce, waɗanda suka ƙwace mulkinsa su ma sun wuce. Abin da ya rage shi ne aikin masu haƙuri, waɗanda suka zauna suna dasa ƙwaya ɗaya bayan ɗaya.