Kiwon Kare a Jibiya

Kiwon kare a Jibiya, garin da ke kan iyakar Najeriya da Nijar a jihar Katsina, ya ta'allaƙa ne da farauta da gadi da tsaron garke. Malaman Malikiyya sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, ban da don sha'awa kawai. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙananan karnukan ado, irin su Cavalier King Charles na Ingila, ba su yaɗu ba. Akan ciyar da kare da ragowar tuwo, a cire masa kaska, ana kuma son a yi masa allurar rigakafin haukan kare duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana haɗa allurar.