Magani kyauta, kuɗin mota fa?

A 1987 aka fara tabbatar da cutar sida a Nijar. Mu da muka ga shekarun nan ba mu manta ba: babu magani, sai tsoro da ɓoyo, har ana kiranta "kabari salamu alaikum".

A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da sida, tarin fuka da masassarar cizon sauro. Daga 2004 maganin rage kaifin sida ya fara samuwa kyauta a ƙasarmu. Sai dai kyautar ba ta biyan kuɗin mota daga ƙauye zuwa likita, ba ta ɗora tukunya. Mai tarin fuka kuwa wata 6 yake shan magani. In ya yanke, cutar na iya dawowa ta ƙi jin magani.

Wannan giɓin ne ƙananan tallafi ga ƙungiyoyi suka zo cikewa. Hanyar ba baƙuwa ba ce: tun 1991 asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi ya nuna abin da ƴan jikkuna ke yi a hannun maƙwabta.

Malamai da iyaye, in ɗalibi ya daina zuwa lakwal don jinyar uwarsa, mu fara tambaya: wace ƙungiya ce ke unguwarsu?