Hanyar Zaɓe da Halaccin Sarauta: Misalin Masarautar Dagomba

1.0 Gabatarwa

Jama'a kan dubi wanda ya ci zaɓe, su kuma dubi hanyar da aka bi aka zaɓe shi. Idan ba a yarda da hanyar ba, da wuya a yarda da sakamakon. Wannan takarda za ta yi nazarin wannan batu ta la'akari da sarautar Ya Na, wato babban sarkin Dagomba da ke Yendi a arewacin Gana.

2.0 Tsarin Gargajiya

Gidajen sarauta biyu ne ke gadon Yendi, Abudu da Andani, waɗanda suka samo asali daga 'ya'yan Ya Na Yakubu I. A al'ada, akan ɗauko sabon sarki daga masu riƙe da sarautar Savelugu ko Karaga ko Mion. Dattawa masu zaɓen sarki, irin su Kuga Na, su ke tantancewa ta hanyar duba. Wanda bai samu ba yakan haƙura, domin ana ɗaukar hukuncin na kakanni ne, kuma yana sa ran juyi zai zo kan gidansu.

3.0 Shigowar Ƙuri'a

A 1948 aka kafa kwamitin sarakuna da dattawa wanda zai iya yanke hukunci da rinjayen ƙuri'a. A 1954 kwamitin ya zaɓi Abudulai III na gidan Abudu ya gaji mahaifinsa. Gidan Andani ya ga an tsallake shi, ya ce kwamitin ba shi da tushe a al'ada. Daga nan kowane gida ya rungumi hanyar da ta fi yi masa daɗi.

Gwamnatoci ma suka shiga. A 1960 gwamnatin Nkrumah ta yi dokar karɓa-karɓa, amma aka soke ta bayan juyin mulkin 1966. A watan Satumba na 1969 jami'an tsaro suka harbe sama da mutum 20 a Yendi, aka naɗa Mahamadu Abudulai IV. A 1974 aka tuɓe shi, aka naɗa Yakubu Andani II, wanda aka kashe a watan Maris na 2002.

4.0 Kammalawa

Sai a watan Janairu na 2019, bayan sulhun da Asantehene Osei Tutu II ya jagoranta, masu zaɓen sarki na gargajiya suka zaɓi sarkin Savelugu, Abukari Mahama, ya zama Ya Na Abukari II. Gidajen biyu sun amince da tsarin tun kafin a san wanda zai samu. Ke nan halaccin zaɓe ya dogara ne a kan yardar wanda zai iya faɗuwa, ko da ƙuri'a aka yi ko da duba.