Yadda Itatuwa Suke Sadarwa da Taimakon Juna a Daji

Idan muka shiga daji, muna ganin kowace bishiya tsaye ita kaɗai, amma binciken masana ya nuna akwai alaƙa tsakaninsu ta hanyoyi uku.

Ta farko tana ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata halitta dangin funfuna da naman kaza mai siraran zare, wadda take manne wa saiwoyin itatuwa. Tana tsotso musu ruwa da sinadaran ƙasa, su kuma su ba ta sukarin da ganyensu ya haɗa da hasken rana. Bajamushe Albert Frank ya bayyana wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a 1885. Zaren yakan haɗa saiwoyin itatuwa daban-daban. A 1997 Suzanne Simard ta nuna, a dazuzzukan yammacin Kanada, cewa sinadarin kabon yana wucewa tsakanin itatuwa iri biyu, kuma wadda take cikin inuwa ta fi karɓa.

Ta biyu ita ce haɗewar saiwa da saiwa. A 2019 masana a New Zealand sun bayyana wani kututturen bishiyar kauri wanda ba shi da ganye ko ɗaya, amma yana raye, domin ruwan maƙwabtansa yana shiga cikinsa ta saiwa.

Ta uku ta iska ce. Idan tsutsa ta ci ganye, bishiya takan saki wasu sinadarai masu tashi. A 1983 Ian Baldwin da Jack Schultz sun gano a Amurka cewa tsirran da ke kusa da wanda aka yaga wa ganye sun ƙara sinadarai masu bauri, irin baurin bagaruwa da ake jima da ita, waɗanda ke rage wa ƙwari sha'awar ganyen.

Sai dai mu yi hattara da kalmar "magana". Itace ba shi da ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 Justine Karst da abokan aikinta sun yi nazarin binciken da aka yi, suka ce hujjar cewa manyan itatuwa suna ciyar da ƙanana ta wannan zare ba ta yi ƙarfin da ake yayatawa ba. Ɗalibi ya bambance abin da ya tabbata da wanda ake saɓani a kansa.

Mu ma a yankin Sahel muna da misali. Bincike a Senegal ya nuna sabara tana janyo ruwa daga can ƙasa, ta sake shi da dare kusa da saman ƙasa, gero ya amfana. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya taki gona, kamar yadda manoman Damagaram da Maraɗi suka sani tun kaka da kakanni. Don haka wanda ya sare bishiya ya ƙone kututturenta, ba ita kaɗai ya cutar ba. Kafin mu ɗaga gatari, mu duba abin da ke rayuwa a gindinta.