An Sayar Da NEPA, To Ina Wanda Ya Saya? Tarihin Kasuwar Wuta Da Gas Daga Cikin Ganuwa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda masu ƙarancin data da kuma waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro.

Bari in fara da ƙarshen watan Oktoba na 2024. Duk wanda yake Kano a lokacin bai manta ba. An lalata turakun babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, sai kuma ɗaya layin da ke zagayowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala. Shi ke nan, yawancin Arewa muka shiga duhu sama da mako guda. A gidanmu da ke cikin gari, gwaggona da ke sayar da zoɓo da kunun aya ta zubar da na kwana biyu, saboda ƙanƙara ta zama gwal. Yayana tela ne, ribar ɗinkinsa duk ta tafi a fetur. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka, su ma ba laifinsu ba ne, masu burtsatse da janareta suke jawo ruwan.

Wani dare muna zaune a tsakar gida ana fifita, sai Gwaggo ta juyo ta ce min, "Kai da ka yi boko, ba an ce an sayar da NEPA ba? To wanda ya saya yana ina?" Wallahi na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Shirin yau amsar Gwaggo ce, ko da ta zo a makare.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, wutar Kano ba daga tarayya ta faro ba. A Legas aka fara kunna lantarki a Najeriya, a 1896. A Arewa kuwa, kamfanin NESCO mai zaman kansa ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra a 1929, domin masu haƙar kuza a Jos. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta gina wa birnin aikin ruwan famfo da lantarki da kuɗin Baitulmali, wato harajin kakanninmu. Kun ga ke nan da farko kowane gari da tasa wutar.

Daga baya aka fara tattarawa. A 1950 aka yi dokar kafa ECN domin ta haɗe tashoshin ƙasa a hannu ɗaya. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, wadda ta gina Kainji, aka kammala a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu, aka haifi NEPA. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. NEPA ita ke samarwa, ita ke ɗaukowa, ita ke rabawa, ita ke karɓar kuɗi, kuma in ta yi maka laifi wurinta za ka kai ƙara. Jama'a suna ƙaruwa, tashoshi suna tsufa, sababbi ba sa zuwa. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka koma dogaro da dizal. Ba wuta kaɗai ce ta kashe masaƙun Kano ba, akwai faɗuwar naira bayan 1986, akwai fasa-ƙwaurin atamfa, amma tsadar wuta tana cikin manyan abubuwan da suka durƙusar da su.

A wancan lokacin duniya ta fara sauya tunani. Ingila ta raba hukumar lantarkinta ta sayar a 1990. Norwe da Suwidin suka haɗa kasuwar wutarsu a 1996. Tarayyar Turai ta fitar da dokar buɗe kasuwar lantarki a 1996, ta gas a 1998, ta sake ƙarfafa su a 2003 da 2009. Tunanin mai sauƙi ne: waya da bututu hanya ce, kowa ya bi ya biya kuɗin hanya, amma masu samar da kaya su yi gasa, mai saye ya zaɓa.

Mu ma muka bi sahu. A 2005, zamanin Obasanjo, aka yi dokar gyaran ɓangaren lantarki. NEPA ta zama PHCN, aka kafa hukumar sa ido ta NERC, aka yanka gawar gida 18: kamfanonin samarwa 6, na rabawa 11, da na dakon wuta guda ɗaya, wato TCN. Ranar 1 ga Nuwamba, 2013, zamanin Jonathan, aka miƙa yawancinsu ga waɗanda suka saya. A kamfanonin rabawa an sayar da kashi 60, gwamnati ta riƙe kashi 40. KEDCO ta samu Kano da Katsina da Jigawa. TCN kuwa ba a sayar da ita ba, an dai ba wani kamfanin Kanada, Manitoba Hydro, riƙonta daga 2012 zuwa 2016, sannan ta dawo hannun gwamnati.

To ga amsar farko ga Gwaggo: layin da ya faɗi ba ya cikin abin da aka sayar. Amsa ta biyu ta fi ɗaci. An sauya mai shago, amma shagon har yanzu ɗaya ne a unguwa. Mutumin Yakasai ko Mandawari ba shi da wani kamfani na biyu da zai koma in bai gamsu ba. Da yawa cikin masu sayen ma bashin banki suka ci suka saya, shi ya sa a Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar kamfanonin rabawa na Kano da Kaduna da Benin. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, amma wutar da ke yawo a layin ƙasa yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000.

Yanzu ku biyo ni Kasuwar Kurmi, don mu 'yan cikin gari ba sai an koya mana kasuwa daga waje ba. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kurmi take ci. Fatake suna zuwa da goro daga Gwanja, Buzaye da gishiri daga Bilma, 'yan Gadamas da kayan Arewacin Afirka. Me ya riƙe wannan ciniki ɗaruruwan shekaru? Hanya ce da ayari zai bi ya isa lafiya, da awo da kowa ya yarda da shi, da kuma mai raba gardama wanda ba ɗan amshin shatan kowa ba ne. In ɗaya ya ɓaci, kasuwa ta watse. Ku riƙe waɗannan uku, mu auna kasuwar wutarmu da su.

Hanya tukuna. Yawancin wutar Najeriya, kusan kashi uku cikin huɗu, daga gas ake samunta, kuma manyan tashoshin suna Kudu: Egbin, Sapele, Afam, Ughelli. Kano tana can ƙarshen layi. Wuta sai ta ratso ɗaruruwan kilomita kafin ta iso tashar Kumbotso, daga nan ta shigo irin su Ɗan Agundi a gefen ganuwa. Duk abin da ya faru a dajin Neja ko Binuwai, a ɗakinmu yake ƙarewa. Wannan ne ya sa maganar bututun AKK take da nauyi a wurinmu: kilomita 614 daga Ajaokuta ta Abuja da Kaduna zuwa Kano. Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yuni, 2020, kuma an sha ɗage ranar kammalawa. Amfaninsa shi ne a kafa tashar wuta a nan kusa da mu, masana'antu su bar dizal. Amma bututu kaɗai ba kasuwa ba ne. Tambayar ita ce, wa zai samu damar zura gas a cikinsa, kuma a kan nawa? An fitar da ƙa'idar amfani da bututun gas a 2020, dokar man fetur ta 2021 kuma ta kafa hukumar NMDPRA da za ta kula da wannan. A takarda dai ƙofa a buɗe take.

Sai awo. Kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita. Ka taɓa ganin an sayi gero a Dawanau ba mudu, mai kaya ya kalli fuskarka ya yanka maka kuɗi? Inda babu mudu, mai saye yana jin an cuce shi, sai ya ƙi biya ko ya yi haɗin sata. Kamfanin rabawa ya kasa biyan mai samarwa, mai samarwa ya kasa biyan mai gas, mai gas ya rage bayarwa, wuta ta ragu. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, samari: haɗin sata da muke gani a lungunanmu muna kau da kai, yana cikin wannan sarƙa.

Na uku, mai raba gardama da amana. Nan ne labarin ya tsallaka iyaka. A 1999 ECOWAS ta kafa WAPP, wato haɗakar wutar Yammacin Afirka, mai hedikwata a Kwatano. A 2008 aka kafa hukumar sa ido ta yankin, ERERA, a Accra. A Yunin 2018 aka ƙaddamar da kasuwar lantarki ta yankin. Manufar ita ce mai rarar wuta ya sayar wa mai buƙata: Gini da ruwanta, Najeriya da gas ɗinta, Nijar da ranarta. Dama mun daɗe muna yi da maƙwabta. Tun shekarun 1970 layi ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani kuma daga Katsina yake kai wa Maraɗi da Damagaram. Nijar ta kai ga samun kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya.

Na san abin da wasu ke cewa: mu muna duhu ana ba wasu? Ku tuna kogin da ke juya injinan Kainji da Jebba ta Nijar yake biyowa kafin ya iso mana. Cuɗe ni in cuɗe ka ne. Sai ga juyin mulkin Yulin 2023. A watan Agusta Najeriya ta katse wa Nijar wuta a matsayin takunkumi, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumin a farkon 2024. Wa ya sha wahala? Tela a Maraɗi, mai ƙanƙara a Damagaram, wato irin su yayana da Gwaggo, kuma da yawansu danginmu ne na jini. Yanzu Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, alhali babban layin da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu ta biyu daga cikin ƙasashen ya bi. Abokin cinikin da ka taɓa rufe wa ƙofa ranar faɗa, ko kun shirya zai nemi wata ƙofar.

Gas ma yana da nasa darasin. Bututun Yammacin Afirka mai kilomita 678 yana kai gas ɗin Najeriya Benin da Togo da Ghana. A Agustan 2012 wani jirgin ruwa ya lalata shi a gaɓar Lome, Ghana ta yi kusan shekara ba gas, ta faɗa matsalar ɗauke wuta. Turai ma ta ɗanɗana a 2022, lokacin da gas ɗin Rasha ya yanke. A Kalifoniya ta Amurka kuwa, tsakanin 2000 da 2001, an buɗe kasuwa ba tare da sa ido sosai ba, kamfanoni irin su Enron suka riƙa ƙirƙirar ƙaranci don farashi ya hau. Haɗa kasuwa yana rage tsada, amma dogaro da hanya ɗaya ko sakin linzami gaba ɗaya yana da haɗari.

To ina muke yanzu? A Maris ɗin 2023 an gyara tsarin mulki, a Yuni kuma Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki, wadda ta ba jihohi damar kafa kasuwarsu da hukumar sa idonsu. Enugu da Ondo da Ekiti ne suka fara karɓa a 2024. Kano tana da abin farawa: sola a Kasuwar Sabon Gari tun 2018, ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 a 2019, ta Kumbotso mai megawat 10 a 2023, ga kuma ruwan Tiga da Challawa.

Sai dai ga abin da ke hana ni barci. A Afrilun 2024 an ƙara wa rukunin da ake kira Band A kuɗi daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Tun 2017 kuma an ba manyan masana'antu damar sayen wuta kai tsaye daga mai samarwa. Ɗan kasuwa inda kuɗi yake nan yake zuwa. In masu ƙarfi duk suka samu mafitarsu, wa zai zuba jari a lungunan Jakara da Dala, inda wayoyi suka tsufa, taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje barkatai? Gasa za ta iya zuwa Kano ta tsaya a bakin ganuwa.

Saboda haka ni ina goyon bayan buɗe kasuwa, amma da sharaɗi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi yaushe kowane gida zai samu mita. Mu nemi a wallafa yarjejeniyar duk wanda aka ba lasisin wuta ko gas a jihar nan, kowa ya karanta. Mu nemi a rubuta a cikin lasisin cewa wanda ya ɗauki Sharaɗa sai ya ɗauki wani yanki na cikin gari. Hukumomin sa ido suna kiran taron jin ra'ayin jama'a kafin ƙarin farashi, mu riƙa zuwa, kada mu bar wa masu kamfani zauren su kaɗai.

Na karanta wa Gwaggo wannan kafin mu naɗi shirin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na ji. Amma ni dai ka gaya musu firjina ya yi sanyi." Na ga kuwa duk dokokin nan da wannan za a auna su.

Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.