IDO A KUSA, RUMBU A NESA: ƘANANAN HUKUMOMI DA TARIHIN TUNKARAR BALA'I A AREWACIN NIJERIYA

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da wani bala'i ya auka wa al'umma, ko fari ne ko ambaliya ko annoba, hukumar da ta fi kusa da jama'a ita ce ke fara jin kuka. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai sanin wurin yoyo daban, mallakar abin toshewa daban. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda hukumomin da ke kusa da talakawa a Arewacin Nijeriya suka riƙa yin tanadi da kai ɗauki a lokutan tsanani, tun daga zamanin sarakuna, zuwa zamanin En'e, har zuwa ƙananan hukumomin da aka kafa a 1976. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a kowane sauyi da aka yi, wanda ke ganin ɓarna da idonsa da wanda ke riƙe da mabuɗin rumbu sun daɗa yin nisa da juna, kuma wannan nisa shi ne ya fi komai bayyana jinkirin da akan samu wajen ceton rayuka.

2.0 Tanadi Kafin Zuwan Turawa

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wata doguwar yunwa a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wajen ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, ya kuma ambaci wata a zamanin Sarki Alwali, gab da jihadi. Saboda haka al'umma ta gina wa kanta matakan kariya hawa-hawa. Matakin farko shi ne gida, inda maigida kan rufe rumbun tsimi bayan kaka, ba a buɗe shi sai damina ta kankama. Na biyu shi ne dangi da maƙwabta, ta hanyar gudummawa da rance da gayya. Na uku shi ne masu hali, musamman manyan manoma irin su sarkin noma, waɗanda mutuncinsu ya rataya a kan buɗe rumbu idan gari ya yi zafi. Na ƙarshe shi ne masu sarauta, waɗanda ke tara zakkar hatsi.

Muhimmin abin lura a nan shi ne zakka da hatsi ake karɓarta, kuma gwargwadon amfanin da aka samu take hawa ko sauka. Har ila yau, wani kaso nata yakan zauna a rumbunan da ke cikin garuruwan da aka tara ta. Malaman Daular Sakkwato sun ɗauki tanadin abinci a matsayin wani ɓangare na aikin shugaba. Alal misali, a cikin Usulus Siyasa, wanda Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, an lissafa kwaɗaitar da talakawa ga neman abinci da adana shi cikin ayyukan da suka hau kan mai mulki. Ba a cewa wannan tsari ya hana mutuwa, domin idan fari ya jera shekaru rumbun kowa yakan ƙare, kuma ba kowane mai sarauta ne adali ba. Amma dai abin da ake da shi yana kusa, wanda zai ba da umurnin buɗewa kuma ana iya zuwa ƙofar gidansa da ƙafa.

3.0 Zamanin En'e

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun bar tsarin sarauta a wurinsa, amma sun sake fasalin mulkin. An fitar da hakimai daga birni aka tura kowanne ya zauna a gundumarsa, aka jera dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsu. Ta haka aka sami wata igiya ta isar da labari wadda ta taso daga ƙauye har ofishin Razdan. An kuma kafa baitulmali, wanda aka fara a Katsina a lokacin Razdan Palmer kafin ya bazu zuwa sauran ƙasashe. Sai dai a daidai wannan lokaci ne aka haɗe tsofaffin kuɗaɗen shiga aka mai da su haraji guda, wanda ake biya da tsabar kuɗi. Rumbun hatsi ya koma akwatin ƙarfe. Daga baya ma, rarar kuɗin manyan baitulmali sai aka riƙa ajiye ta a Ingila.

3.1 Kakalaba

Jarrabawar farko ta zo da wuri. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma da dama suka ƙara wa gyaɗa fili. Sai daminar 1913 ta yi gardama ƙwarai tun daga ƙasar Sakkwato har Barno. Duk da haka an karɓi haraji, aka tilasta wa talaka sayar da ɗan hatsin da ya samu a lokacin da ya fi araha. Kafin daminar 1914 ta faɗi, yunwar da aka fi sani da Kakalaba ta riga ta game ƙasa, ga kuma ayarin mayunwata da suka kwararo daga yankunan da ke hannun Faransa. Dagatai da hakimai sun ga abin da ke faruwa tun kaka, amma babu wanda ke da ikon yafe haraji ko taɓa kuɗin baitulmali sai da yardar Razdan. Shekarar kuwa ita ce ta haɗe Kudu da Arewa, kuma a cikinta Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, don haka hankalin gwamnati yana wani wuri. Ɗan agajin da aka kawo bai taka kara ya karya ba, kuma ya zo bayan dubban mutane sun riga sun mutu. Michael Watts ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Silent Violence na 1983.

3.2 Abin da Sunaye Suka Adana

Masu nazarin harshe za su ga abin sha'awa a sunayen da talakawa suka raɗa wa yunwowin da suka biyo baya. Ta 1927 ana kiranta Mai Buhu ko 'Yan Buhu, saboda a cikin buhuna abinci ya riƙa zuwa. Ta 1942 kuwa 'Yar Gusau ce, garin da ke kan layin dogo, inda mutane suka riƙa zuwa neman hatsi, a daidai lokacin da gwamnati ke tara hatsi don ciyar da leburorin haƙar kuza a Jos saboda yaƙi. Waɗannan sunaye biyu suna nuni ga abu guda, wato abinci ya daina fitowa daga rumbun gari, ya koma abin da ake jira daga nesa ko ake bi da ƙafa. A yunwar Muda ta 1953 zuwa 1954, wadda yawan ruwa ya jawo, garin rogo daga Kudu ne ya rufa wa mutane da yawa asiri.

A tsallaken iyaka, bayan yunwar 1931, Faransawa sun tilasta wa kowane gari a Nijar ajiye hatsi a rumbunan tsimi na hukuma. Talakawa sun ƙi jinin tsarin saboda tilascin da ke cikinsa, amma ya nuna cewa an gane amfanin ajiye abinci kusa da masu ci.

Bai kamata a tauye wa En'e haƙƙinta ba. Tana da 'yan doka da dubagari da malaman gona da na dabbobi da ɗakunan shan magani, kuma umurni guda daga fada kan isa kowace unguwa cikin 'yan kwanaki. Da wannan igiya aka yaƙi fara a farkon shekarun 1930, kuma ta taimaka a gangamin lambar agana wanda ya kai ga ƙarewar cutar a Nijeriya a 1970. Matsalarta ita ce an gina ta ne domin karɓa, ba domin bayarwa ba, kuma talaka ba shi da inda zai kai ƙara. Wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a yi mata garambawul a Majalisar Arewa a 1950, jam'iyyar NEPU kuma ta mai da zaluncinta babban abin yaƙinta.

4.0 Farin 1972 Zuwa 1974 da Gyaran 1976

Bayan an ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A cikin wannan hali na rauni babban farin 1972 zuwa 1974 ya same ta. Dabbobi sun mutu da yawa, noman gyaɗa ya durƙushe, mutanen karkara suka cika birane. A wannan karo kuɗin man fetur ya ba gwamnatin tarayya da na jihohi damar sayen hatsi, jaridar New Nigerian kuma ta buɗe asusun neman taimako. Amma da aka zo rabo, sai da aka koma ga hakimai da dagatai, domin su kaɗai suka san gidajen da tukunya ba ta hau murhu ba.

Darasin da gwamnati ta ɗauka daga wannan fari ya karkata ne ga gina manyan hukumomi a sama. An kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, aka gina manyan madatsun ruwa, sannan a 1976 aka kafa hukumar agajin gaggawa ta tarayya, wato NERA. A wannan shekarar ce kuma aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu fasali iri ɗaya a duk ƙasa, aka bar wa sarakuna aikin ba da shawara. An soke jangali a tsakiyar shekarun 1970, gwamnonin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji a 1979. Talaka ya huta da wani nauyi da ya daɗe yana kuka da shi. Sai dai tare da haraji aka rasa ƙidayar gida-gida da dagatai ke yi kowace shekara, ƙaramar hukuma kuma ta dogara kacokan ga kason da ke zuwa daga asusun tarayya.

5.0 Hukuma Mai Ido Ba Hannu

Yawan ƙananan hukumomi ya kai 774 a 1996. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu ayyuka da suka shafi rigakafin bala'i kai tsaye, kamar gina magudanan ruwa da kwashe shara da kula da kasuwanni da maƙabartu da sa hannu a kiwon lafiya, amma bai ambaci tunkarar bala'i a cikin jerin ba. Bugu da ƙari, sashe na 162 ya sa kuɗinsu ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Dokar da ta kafa NEMA a 1999 ta tsaya ne a matakin tarayya da jiha. Sai a tsarin ƙasa na 2010 aka tanadi cewa kowace ƙaramar hukuma ta kafa nata sashen gaggawa, wanda a wurare da yawa bai wuce suna a takarda ba.

Sakamakon wannan ya bayyana sau da dama. Madatsar Bagauda ta ɓalle a Agustan 1988. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutane sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000, alhali sanannen abu ne cewa da zafin bazara take zuwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, musamman a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma sai da likitocin ƙungiyar MSF suka shiga lamarin kafin duniya ta sani, bayan iyaye sun daɗe suna binne 'ya'yansu. Ambaliyar 2012 ta kashe mutane 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe sama da 600. Madatsar Alau, wadda ke hannun hukumar tarayya, ta ɓalle a Satumban 2024 ta malale Maiduguri da Jere, shekara 30 bayan ta taɓa yin haka a 1994. Ƙananan hukumomin da ruwan ya fara ci ba su da ta cewa a kan gyaranta.

Ba rashin gargaɗi ne ke kawo wannan ba, domin hukumomin hasashen yanayi da na ruwa suna fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kowace shekara. Kuma tsohuwar igiya ba ta tsinke ba. Da aka sa sarakunan Arewa cikin yaƙi da shan-inna a 2009, masu unguwanni ne suka riƙa raka masu rigakafi gida-gida, har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya a 2020. Wannan ya nuna cewa idan aka haɗa sanin gida da kayan aiki, abin yana yiwuwa.

Akwai wata shaida daga harshe. A 1999 an sauya sunan hukumar tarayya a Turance daga mai nuna agaji zuwa mai nuna gudanarwa, don a nuna cewa aikinta ya haɗa da tanadi. Amma kafafen yaɗa labarai na Hausa sun ci gaba da kiranta Hukumar Ba da Agajin Gaggawa. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin kuskuren fassara, ana kuma iya cewa masu harshen sun fassara abin da idonsu ke gani ne, wato buhunan shinkafa da tabarmi da kwanon rufi bayan ɓarna ta auku.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa abin tanadi ya tashi daga rumbun gari zuwa baitulmali, daga baitulmali zuwa asusun jiha da na tarayya, alhali masu ganin ɓarna suna nan inda suke. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tarihin En'e ya isa gargaɗi cewa kusantar kuɗi kaɗai ba ya wadatarwa, matuƙar talaka ba shi da hanyar tuhumar mai riƙe da mabuɗi. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar hukuma ta san gidajenta kamar yadda dagaci ya san su, ta yashe magudanan ruwa tun rani, ta ware wani abu da za a iya taɓawa a daren da ruwa ya shigo ba tare da jiran takarda daga babban birni ba. Masana harshe kuma suna da nasu aikin, na tattara sunayen yunwa da annoba daga bakin dattawan da suka rage, da samar wa wannan fage kalmomin da za su sa tanadi a gaban agaji.